Hular Kaka da Ruwan Kwakwa

A 2008 karatun Babanmu ya kai mu birnin Salvador na ƙasar Barazil, ina ɗan shekara 12. Aka jefa ni aji, ko "sannu" ban sani ba da harshen Fotugis. Baki dai ya buɗe cikin 'yan watanni. Rubutu ne ya zame min ƙarfen ƙafa.

Mutanen nan ba sa barin wasali ya fita kai ba ɗankwali. Wani a soka masa tsinke, wani a kifa masa 'yar hula, wani a kwantar masa da ɗan maciji, kamar a pão, wato burodi. Malamarmu ta ce abu ne mai sauƙi: duk kalmar da nauyinta ya faɗa gaɓa ta uku daga ƙarshe, irin médico, dole ta sha alama. Sunan wannan rukuni proparoxítona. Kafin in gama furta shi an kaɗa ƙararrawar tashi.

Sai aka ba mu aikin gida kan iyali. Mu a Hausa kaka kaka ne, da gemu ko da zane. Su kuwa vovô mai hula shi ne namiji, vovó mai tsinke ita ce mace. Ni na yi nawa lissafin. Kakana Alhaji kullum da asuwaki a baki, don haka shi ya cancanci tsinke. Malama ta karanta a gaban aji cewa kakata mace tana da farin gemu da mata uku, kuma ita ke jan salla a unguwarmu. Ta sauke tabarau, ta tambaye ni cikin ladabi ko haka al'adar Najeriya take.

Daga ranar na yi rantsuwa: duk "o" da na gani a ƙarshen kalma, hula zai sha. Mako ya zagayo, aka ce kowa ya rubuta abin shan da ya fi so. Nawa ruwan kwakwa ne, água de coco, wanda ake fasa mana a bakin teku. Na kifa wa coco hula, ya koma cocô. Na ƙara da cewa Baba ke saya mana, da sanyinsa, har ƙanwata tana kukan ƙari. Ashe cocô kashi ne. Wani yaro sai da ya faɗo daga kujera.

Na kai ƙara gida ina huci, na ce wannan harshe mugunta ce zalla. Baba ya share hawayen dariya.

"Kai, rufe mana baki. Ba kai ne ka rubuta wa Hajiya wasiƙa kana kewar romon ƙashinta, ka manta lanƙwasar ƙ ba?"

Kalma ɗaya ce ban taɓa kuskure a kanta ba: idéia. A Janairun 2009 sabuwar ƙa'idar rubutu ta fara aiki a Barazil, aka zare mata tsinken, ta koma ideia. Hular cocô kuwa, babu wanda ya taɓa ta.