Likitoci Goma a Kan Jirgin Wasa Ɗaya

Jirgin ƙasa iri biyu ne a hannun yaran Nahuce. Akwai ɗan gida, wanda yaro ke ƙerawa da gwangwanin madara da waya, ya yanko tayu daga tsohon silifa, ya ɗaura zare ya ja. Wannan ba ya jinya, in ya lanƙwashe a miƙe shi da dutse. Sai kuma baƙo, jirgin roba mai batir ƙirar Sin, wanda kan zo cikin tsarabar alhazai, ko a sayo shi a kasuwar Gusau ana jibi Sallah. Ga fitila, ga kuka, ga 'yar digarsa mai zagaye. Kwana uku kan jirgin na jan taragu yana kewaya tabarma, ran na huɗu ya tsaya cik. Da an fito da shi zaure yaro na hawaye, ba ka ƙara ganin wanda bai iya gyaran jirgi ba. Ga su nan yadda suke zuwa.

Mai Bugu

Shi ne farkon miƙa hannu. A iliminsa duk abin da ya ƙi aiki taurin kai ne ke damunsa, kuma da wannan fahimta ya yi jinyar rediyonsa da tocilarsa har suka riga mu gidan gaskiya. "Miƙo man shi nan, yaro." Sai tas, tas a tafin hannu. Abin haushi, wani lokaci jirgin kan motsa, don bugun ya mai da batirin da ya goce mazauninsa. Wannan nasara guda ita ce jarinsa har abada. In kuwa bututun hayaƙi ya ɓalle ya faɗi, sai ya ce dama can a tsage yake.

Mai Batir

Wannan bai yarda akwai wata cuta a duniya ba banda mutuwar batir. Zai zare su, ya lasa, ya shanya a kan kwano, in rana ta ƙi ya gantsara musu cizo. Zafi da matsa kan ɗan zaburar da sinadarin da ke ciki, jirgi ya yi zagaye biyu ya sake suma. Abin da ba ya faɗa shi ne, batirin da ya sha haƙori yoyo yake yi, farin gishirin nan kuma shi ke cinye ƙarfen mazauni. Da dabara ta ƙare sai ya aika a ciro na rediyon maigida. Jirgi bai tashi ba, maigida kuma ya kwana bai ji BBC ba.

Mai Kwancewa

Burinsa tun yana yaro ya ga abin da ke cikin abu. Ba sukudireba, amma akwai tsinin wuƙa. Kafin ka ce kwabo ya baje hanjin jirgi a tabarma, wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle, kaza ta bi shi da gudu. Kwancewa ba ta ɗauke shi minti biyar ba, mayarwa kuwa har aka kira la'asar yana juya marfi. Daga ƙarshe ya rufe, sukurori uku na kallonsa a ƙasa. Ko a jikinsa. "Waɗanga ƙari na. Mutanen Sin sun cika ɓarnar kaya."

Mai Gam

A wurinsa kayan duniya kashi biyu ne: wanda aka liƙe, da wanda ba a kai ga liƙewa ba. Sufagulu ba ya rabuwa da aljihunsa. Zai tsiyaya a inda ya tsage, ya barbaɗa toka don ya ƙara ƙarfi, sannan ya ƙara a inda bai tsage ba saboda gaba. Gam ya bi ya gangara cikin taya ya daskare. Jirgin da ya zo da ciwon suma ya koma da shanyewar ƙafa, likita kuma na gefe yana neman ruwan zafi ya raba yatsunsa biyu.

Baba Ɗan Reluwe

Shi ba ya taɓa jirgin, kallon tausayi yake masa. "Wanga shi kuka kira jirgi?" Daga nan a gyara zama. Zai gaya muku dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya ɓalle daga Zariya ya ratso Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya bi ta wannan yanki ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, kuma nan ya tsaya, bai taɓa ganin Sakkwato ba. Ba don zumunci Turawa suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke kwasa zuwa Ikko, dalilin da Gusau ta cika da kantunan kamfani da baƙi 'yan Kudu ke nan. Kan jirgin wancan zamani kwal ɗin Inugu yake ci, ya tsaya tasha ya sha ruwa, kafin mai shan dizal ya zo ya ture shi. Zai auna muku faɗin diga da sandarsa, ƙafa uku da rabi, ya ce sabuwar da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 ta fi faɗi, don haka jirgin can ba ya hawa ta nan.

A tsakiyar wannan dogon labari ne yake sakin maganar da ta fi ta kowa amfani. Ya ce a zamaninsu kullum safiya 'yan diga na tafe da ƙafa suna ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, direba kuma ba ya tashi sai ya zagaya da butar mai. "Jirgi ba ya mutuwa rana guda, ɗiyana. Rashin mai da rashin shara ka kashe shi." Sai dai kafin ya kawo nan rabin zaure ya yi gyangyaɗi.

Ɗan Boko Mai Waya

Ya dawo hutu, kuma bai ga dalilin da za a yi ta wahala alhali komai na intanet ba. Zai fara da sanar da jama'a cewa a Turai dattawa masu furfura ne ke wannan wasa, suna kashe kuɗin da zai sayi sa. Gaskiya ya faɗa. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, Hornby na Ingila ya fitar da jirginsa na farko mai wani irin na agogo a 1920, kuma ma'aunin da aka fi yayi shi ne a ƙanƙantar da jirgin gaske sau 87. A birnin Hambug akwai gidan kallo da aka buɗe a 2001, inda 'yar digar wasa ta haura kilomita 15. Ya ɗaga waya sama yana farautar sabis, ya samo bidiyon wani Bature. Matsalar ita ce jirgin Bature daga diga yake shan wuta, namu kuwa batir ne a cikinsa. Bature na ɗaga marfi, data ta ƙare.

Goggo Mai Bincike

Ba ta fitowa zaure, muryarta ce ke fitowa. Gyara bai dame ta ba, mai laifi take nema. "Wa ya taɓa shi ƙarshe?" Tun kafin a amsa ta riga ta yanke hukunci, kuma kullum hukuncin kan ɗan ɗakin can yake faɗawa. In an kawo shaida cewa yaron yana makarantar allo a lokacin, sai ta koma kan bakin mutane. Ai ta faɗa tun ranar Sallah a daina fita da shi waje, ba kowane ido ne ke son alheri ba.

Ɗan Gwangwan

Ba wanda ya kira shi, ƙamshin gawa ya jiyo. Zai ɗaga jirgin ya jinjina a hannu, ya taɓe baki. "Alhaji, roba ce zalla, ba nauyi. Amma don kai ne, kawo in karɓa." Idonsa na kan 'yar motar ciki mai wayar tagulla. Shi kaɗai ne a zauren ke addu'ar kada majinyaci ya tashi. Baba Ɗan Reluwe ba ya ga maciji da shi, don yana da nasa zargin kan inda wasu ƙarafan diga suka kwana.

Mai Kwamiti

Babbar riga, tattausan harshe. A ganinsa ba a gyara haka kara zube. A naɗa shugaba, a naɗa ma'aji, a sa ranar zama. Kafin nan a matso a ɗauki hoto, shi a tsakiya riƙe da kan jirgi, yaro a gefe an ce ya share hawaye ya yi murmushi. Ya shafa kan yaron ya yi masa albishir da sabo dal, wanda ya fi wannan tsawo, in Allah Ya kai mu bayan kaka. Wace kakar, bai faɗa ba.

Mai Gyaran Rediyo

Sai kowa ya gaji ake tunawa da shi, a 'yar rumfarsa ta bakin kasuwa. Ba ya yawan magana. Rabin aikinsa warware maganin da aka riga aka yi ne: ya kankare gam da reza, ya tambayi sukurori uku, a zazzage tabarma a kawo biyu. Sannan ya bi wuta daki-daki da mitarsa, daga batir zuwa makunni, daga makunni zuwa mota. Ya goge tsatsar mazauni da sanfefa har ƙarfe ya yi haske. Ya ɗora ƙarfen liƙi a wuta, ya mai da wayar da bugu ya tsinka da ɗigon dalma. Ya sa allura ya zaro zare da gashi da suka nannaɗe sandar taya, ya busa yashin da ya shiga tsakanin 'yan faya-fayen nan masu haƙora. Asalin cutar ke nan, dauɗa. Ya ɗiga man keken ɗinki ɗigo guda, ya gargaɗi yaro kada a kuskura a sa man gyaɗa, don ƙura yake tarawa ya yi danƙo. Ya danna makunni, fitila ta kawo, jirgi ya yi kuka.

Nan take zaure ya biyo shi rumfa. Mai Bugu ya ce shi ya sassauto cutar. Mai Batir ya ce ai ga shi sai da aka sa sabon batir. Mai Kwancewa ya nuna gurbin sukurun da kaza ta tafi da shi, ya ce ga shaida ƙari ne. Baba Ɗan Reluwe, wanda shi ne ya faɗi daidai, ya riga ya koma kan labarin dalar gyaɗar Kano.

Mai gyara ya goge hannu ya faɗi kuɗinsa. Mai Bugu ya tuna bai yi sallah ba. Ɗan Boko ya ce zai tura ta waya in sabis ya dawo. Mai Kwamiti ya ce a rubuto a takarda. Daga ƙarshe Goggo ce ta kwance bakin zani ta aiko da kuɗin ƙuli-ƙulinta, tare da saƙon cewa bincike bai ƙare ba. Kafin magariba hoto ya hau Facebook, an rubuta a ƙasa cewa kwamiti ya farfaɗo da sufurin jirgin ƙasa a unguwa. Mutum goma sha ɗaya ne a hoton, mai gyaran rediyo ba ya ciki.