Zuwa ga Bawana Dakta, Bazazzagin Zamani

Dakta, ina gajiyar latse-latse? Labari ya iso mana Kano wai ka waye, har kana cika baki a gaban ɗalibai cewa kai da alli haihata-haihata. Madalla. Sai dai ɗan ƙanwata da ke ajinka ya nuna mini abin da ka tura musu ta WhatsApp. Ashe tsohon littafin nan naka ne da ka kwafa tun zamanin Babangida, ka bi shi shafi-shafi kana ɗauka da waya, ka haɗe ka raɗa masa suna PDF. A wani shafin babban yatsanka ya rufe rabin bayanin, a ƙasa kuma ga tabon manja. Ko ba a faɗa ba, an san fate aka sha a kansa.

A 2020, da korona ta rufe makarantu duniya ta koma Zoom, yajin aikin ASUU na wata tara ne ya rufa maka asiri. Da aka dawo ka ce kai ma za ka gwada. Goshinka da fankar silin kawai ɗalibai suke gani, kana ta zuba turancin Zagezagi alhali makirufo a kashe yake. Babu wanda ya tanka. Wa zai katse Dakta?

Zan ɗan sassauta maka, don bawa ma yana da haƙƙi. Majigi ba ya aiki sai da wuta, kuma yaron da ya sayi data yau, da kuɗin abincinsa ya saya. Amma ka tuna, tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaran da kake yi wa burga, da na'ura suka shigo jami'ar.

Yanzu kuma na ji kana kuka da ChatGPT, wai duk aikin gida iri ɗaya yake zuwa maka, har waƙafi. To su ma sun gano a can kake samo tambayoyin. Na'ura ta yi tambaya, na'ura ta amsa, kai kuma ka sa jan biro ka ba ta maki arba'in!

Ka shigo Kano, kasuwar waya ta Farm Centre, in haɗa ka da yaro mai gyaran waya ya ɗora ka a hanya. Ladan koyarwa da kuɗin sharata na bana a haɗe za ka biya, kuma lakadan, don ban yarda da taransifarka ba.