A Ƙure Bes, Maƙwabta Sa Yi Haƙuri

Bayan an sayi hom tiyata, an kafa wufa, aka kuma lura har yanzu maƙwabta suna samun barci, sai a shigo da ikwalaiza. Wata akwatin ƙarfe ce mai 'yan sanduna goma da fitilu masu tsalle, irin ta gwanjon kasuwar Alaba a Legas. Wata kuwa a cikin waya take, a manhajar sauraron waƙa. Aikinta ta karkasa sauti, daga gurnani mai kauri zuwa mafi siriri, domin a rage inda ya yi yawa, a ƙara inda ya gaza. Batun ragewar nan ne bai taɓa shiga kunnen maigida ba.

Shi dai kuɗin sanduna goma ya biya, don haka goman nan sai sun yi aiki. Ya sa tafin hannu ya tura su sama gaba ɗaya, har kan desibel 12. Abin da ya yi bai wuce murɗa maɓallin ƙara ba, sai dai ya biyo ta doguwar hanya. Kowane ƙarin desibel 3 yana neman ninkin ƙarfi daga amfilifaya, wato desibel 12 na neman ninki 16. Amfilifayar kuwa, duk da dubban wat ɗin da aka zana wa kwalinta da jan fenti, ba ta da shi. Sai ta shiga kakari, sauti ya dagule, ƙaramar lasifikar ta yi zafi ta mutu. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, koyil ne ya ƙone." Alhaji ya girgiza kai ya ɗora wa 'yan NEPA.

Akwai kuma masu ganin sun waye. Su ba sa ƙurewa duka: a ɗaga sandunan gefe biyu, a danne na tsakiya, jerin ya fito kamar bakin mai murmushi. Kyan gani dai akwai shi. Matsalar ita ce abin da ke sa a rarrabe kalmomi a bakin mutum yana tsakanin Hertz 1,000 zuwa 4,000, daidai inda aka danne. A saka Mamman Shata a irin wannan saiti, kalangu zai yi ta dukan ƙirji, amma wanda ake yi wa waƙar da abin da ya bayar sai dai a tambayi dattijon da ya haddace. Na Ɗanmaraya Jos ya fi ban tausayi, domin kuntigi ba shi da wani gurnani da za a ƙara masa. To me ke fitowa daga wufar? Wutar Najeriya da ta Nijar a kan Hertz 50 take kaɗawa, tsakanin sandar Hertz 31 da ta Hertz 62, kuma tsohuwar waya maras kyau tana zubo wannan gunjin cikin na'ura. Maigida ya kishingiɗa yana sauraron gunjin lantarki, yana ce wa baƙonsa, "Malam, ka ji aiki ko?"

Son bes yana da tushe, a yi masa adalci. A 1933, Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa idan an sassauta ƙara, kunne ba ya kama sauti mai kauri sosai. Shi ya sa tsofaffin amfilifayoyi ke da maɓallin da ke ƙara kauri, don mai sauraro a hankali cikin dare. A nan, sai an ƙure komai da tsakar rana sannan a danna shi.

Falon ma da nasa laifin. Tayil a ƙasa, silin POP a sama, bango sumul, ga wufa an cusa ta a lungu, inda kauri ke ƙaruwa da kansa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana amsa amo a wajen Hertz 43. Wanda ke jikin bango hanjinsa na kaɗawa, na tsakiyar ɗaki yana tambaya ko an kunna. Kwanukan uwargida a kabad suna ta amshi. Darduma, labule mai kauri da janye wufa daga lungu za su rage rigimar, amma wa zai kira aboki ya zo ganin darduma?

Samari sun ɗauke rigimar daga falo sun kai ta cikin kunne. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kafin a tambayi kuɗin iyafis an tambayi, "Yana da bes?" Manhajoji irin Wavelet suna ɗauke da ma'aunin dubban na'urorin kunne, kowace da gyaran da ya dace da ita, akasari bisa binciken da Sean Olive ya jagoranta a kamfanin Harman kan sautin da yawancin mutane suka fi so. Saurayi ya leƙa jerin bai ga sunan nasa ba, sai ya zaɓi na mafi tsada, ya ɗora ƙarin bes a kai, ya hau Keke Napep yana gyaɗa kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na sa'o'i 40 a mako shi ne iyaka ga babba, a desibel 90 kuwa sa'o'i 4 kacal, kuma matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalata jinsu. Lalacewar kan fara ne a wajen Hertz 4,000. Sai mahaifiya ta yi kira uku, a na huɗu ta haɗa da jifan takalmi, sannan a ce, "Na'am, Umma?" Washegari ya koma kasuwa da ƙorafin iyafis ya rage ƙara. Mai shago ya saurare shi da ladabi, ya zaro masa wani sabo, ya ce, "Oga, wannan ya fi wancan bes."