Dala 2521, ko Taubashina Mai Rake

Ɗan kawu, barka da ƙirga canji. Cika-ciki ya wuce, kuɗin sharata shiru. Na aiko yaro wurin da kake kasa rakenka a tashar Matamaye, ka ce masa wai lissafi ne bai fita ba. Kai da mushe ya kora daga lakkol saboda bakwai sau takwas! To zauna, yau ni zan fitar maka da shi.

Dala 2520 nake bin ka, wato jikka sha biyu da dala ɗari da ashirin, tamma 12,600 in da bakin Nasara kake so. Ba da ka na zaɓe ta ba. Kwana bakwai na mako, sau kwana talatin na wata, sau wata sha biyu, ga ta ta fito. Kuma ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ɗaya har zuwa goma duk suke raba ta ba saura. Rabinta 1260, sulusi 840, rubu'i 630, humusi 504, sudusi 420, subu'i 360, sumuni 315, tusu'i 280, ushiri 252. Malamin rabon gado ya gan ta, sai ya gyara rawani. Lambobi 48 ne ke shiga cikinta daidai, ba wanda ya zo ƙofarta ya koma hannu rabbana. Halin ɗakinmu ke nan, mu 'ya'yan gwaggo.

Yanzu ɗora mata dala guda tak: 2521. Raba ta biyu, saura ɗaya. Raba ta uku, saura ɗaya. Bakwai, tara, goma, ɗayan nan na tsaye kamar ɗan sanda a shingen Kance. Jarraba 11, 13, har 47, ba mai shiga. Ba ta rabuwa sai da ɗaya, sai da kanta. Masana lissafi na da sunan da suke kiran irinta, ni dai marowaciya nake ce mata, kuma ranar da na fara ganinta fuskarka na gani. Ko gaɓar rake ka taɓa karya wa wani?

Abin takaicin, danginku ba sa ƙarewa. Yuklid na Iskandariya ya tabbatar da haka shekara fiye da dubu biyu da suka wuce. Kakanku mafi girma da aka gano a Oktoban 2024, a rubuce lambobinsa sun haura miliyan 41. Ko Damagaram aka miƙa takardarsa ba ta tsaya nan ba, amma ko anini bai taɓa fita daga aljihunsa ba.

Kada ka ce za ka ƙara mini dalar nan don burga, matana da yara ba za su iya rabawa ba. 2520 cif, da rake biyu masu kauri. Yaron zai dawo bayan la'asar.