Babin Shanya a Rihlar Mutanen Amurka

Ran Talatar nan bayan la'asar 'yar ƙanena ta miƙo mini wayarta tana cewa, "Baffa, don Allah kalli waɗannan, sai sun ba ka tausayi," na kuwa karɓa da kyakkyawan zato, ina tsammanin marayu ne ko waɗanda ambaliya ta cinye wa gidaje, ashe wani mutumin Amurka ne da matarsa da 'ya'yansu biyu da kare, waɗanda suka kulle gidansu suka tare a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal domin su yi shekara guda, suna kuma ba duniya labarin wannan hijira tasu a YouTube kowane mako, sai ka ce su ne farkon 'yan Adam da suka taɓa kwana a garin da ba nasu ba. Ibnu Baɗuɗa ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana keta ƙasashe, da ya dawo littafi ɗaya aka rubuta masa; waɗannan kuwa ba su cika wata uku ba har maganarsu ta fi tasa yawa.

Musibun da suka same su a farkon zama ba sa bukatar dogon sharhi. Uwargida ta jona injin busar da gashi da ta zo da shi, wanda aka ƙera don wuta mai ƙarfin 120, a bangon da ke ba da 230, ya yi hayaƙi ya riga mu gidan gaskiya. Yara sun nemi ruwa a gidan abinci an kawo musu babu ƙanƙara. Maigida ya ji an ce zafin gari 30 ne ya ɗauko rigar sanyi, domin a ma'aunin ƙasarsu wannan adadi ruwa ma daskarewa yake. Duk wannan na yafe musu, tunda baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Abin da ya hana ni barci shi ne babin shanya. Gidan da suka kama a unguwar Alfama ba shi da injin busar da tufafi, sai wata igiya da aka ɗaura daga wannan taga zuwa waccan, kamar yadda mutanen unguwar suka gada kaka da kakanni, kuma a gaban wannan igiya ne baiwar Allah ta tsaya, murya na rawa, tana shaida wa al'ummar duniya cewa ta gano wani sirri mai girma, wato idan aka rataya jiƙaƙƙen tufafi a rana, aka yi haƙuri, to da ikon Allah yakan bushe, kuma ba a biyan rana ko kwabo. Ta ɗauko tawul ta shinshina, ta miƙa wa mijin ya shinshina, aka kira yara suka shinshina bi da bi, kare ma bai tsira ba. Maigida, da yake mutum ne mai tahƙiƙi, ya buɗe littafi yana rubuta sa'o'in da wando ke ɗauka da waɗanda zanen gado ke ɗauka, har ya kai ga istinbaɗin cewa mai kauri ya fi jinkiri. A mako na gaba safa ɗaya ta suɓuce ta faɗa kan rumfar wata tsohuwa da ke ƙasa, tsohuwar ta hau bene ta mayar musu, aka yi kashi guda cur a kan wannan karamci, har da goge a bayan murya da hawaye.

Na so in ce wauta ce, amma da na yi nazari sai na ga suna da uzuri a shari'a, domin a unguwanni da yawa na Amurka ƙungiyoyin masu gidaje sun haramta shanya a waje, bisa hujjar cewa ganin wandon maƙwabci yana karya darajar gida, har sai da majalisun wasu jihohi irin su Fulorida da Kolorado da Bamont suka zauna suka yi doka cewa mutum yana da haƙƙin ya shanya kayansa. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata a 1969 ita ce ta bukaci fatawar majalisa kafin rana ta halatta ga tufafi! Saura malamansu su warware mana sauran mas'alolin: idan iska ta ɗauke ɗan kamfai ya faɗa gidan maƙwabci, shin tsintuwa ce da za a yi cigiyarta shekara guda, ko kuwa amana ce?

Sai dai inda dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro shi ne inda maigida ya dubi na'urar ɗaukar hoto ya ce kowa ma zai iya, abin da ake bukata kawai shi ne ƙarfin zuciya. Ƙarfin zuciya! Mai fasfon Amurka yana shiga yawancin Turai ya yi kwana 90 ba wanda ya tambaye shi biza, tun 2022 kuma Fotugal ta buɗe ƙofa ta musamman ga masu aiki ta intanet, suna karɓar albashi da dala suna kiran kuɗin haya arha, alhali mafi ƙarancin albashin ƙasar a 2025 yuro 870 ne a wata, mutanen Lisbon kuwa tun 2023 suke fita zanga-zanga saboda haya ta kore su daga unguwannin iyayensu. Wan yarinyar nan da ta miƙo mini waya, mai digiri biyu, ya sayar da babur ɗinsa ya biya kuɗin neman biza da ba a mayarwa, ya yi sammako ya bi layi a wani ofishin jakadanci, kafin ya gama gaisuwa an turo masa takardar ƙi ta ƙasan gilashi. Shi zuciyarsa ce ba ta da ƙarfi ke nan?

Ala ayyi halin, tunda an taɓo shanya, ni ma ina da ƙara a gidana. Igiyar tsakar gida ni na saye ta, ni na hau turmi na ɗaura ta, amma tsakanin uwargida da amarya an raba ta gida biyu da ƙullin tsumma, ba a bar mini ko kamu ɗaya ba. Jiya aka wanke mini farar babbar rigata ta Juma'a, aka sa mata shuɗi da sitaci, na fita masallaci na dawo na tarar an sauke ta tun tana ɗiga, an ɗora a kan katanga mai fasassun kwalabe, an shanya tsummokaran jariri a gurbinta, akuyar maƙwabci kuma ta miƙe da ƙafa biyu tana tauna aikin wuyan. Na tambayi uwargida ta ce, "Malam, ni ban ma fito ba." Na tambayi amarya ta ce, "Wallahi Malam a can na gan ta." Mai ɗinkin hannu ya duba ya ce gyaran sai bayan Sallah, kuma sai na kawo zare da kaina.