Noti Ɗaya, Kwando Talatin

Ranar da giyar akori-kurata ta mutu ban yi baƙin ciki ba, don da ma ta ishe ni. Tsohuwar Hilux ce mai giyar atomatik, irin wadda in batir ya yi sanyi, ko unguwa guda ta taru ta tura ba za ta tashi ba. Na je gareji na ce wa Oga a cire ta, a sa mini giyar hannu irin ta direbobin ainihi.

Sawu uku muka yi a Ƙofar Ruwa kafin kaya su cika: giyabos ɗan Beljiyam, fulawil, sabon faifan kuloci da murfin da ke danne shi, masta ta sama da ta ƙasa, da feda ta uku. Bayan kwana tara Oga ya miƙo mini makulli.

Da daddare ina zaune a motar ina tattaka feda don daɗi, sai na ji tana sauka kamar kaurin yatsa kafin ta kama. Na ce ka ga aikin ganganci, an bar mini abu yana lilo. Na ɗauko sifana, na sa tocila a baki, na kutsa ƙarƙashin sitiyari na kwance noti, na yi ta ƙara wa sandar masta tsawo har feda ta ɗame kamar fatar kalangu. Na kwanta ina yaba wa kaina, gari ya waye na manta da zancen.

Ranar Laraba na ɗauko tumatir kwando 30 daga Kadawa zan kai 'Yankaba. Har muka wuce Kura ba abin da ya faru. Da rana ta take, ina giya huɗu na taka totur, inji ya yi gurnani kamar zai fasa bonet, motar kuwa tafiya take irin ta amarya. Wani ƙauri ya cika gaban mota kamar ana babbakar ƙafar sa. Yaro a kan keke ya wuce ni, ya juyo ya ɗaga mini hannu. A gindin gadar sama mai adaidaita-sahu ya leƙo ya ce, "Alhaji, a kira masu turi ne?" Sai bayan la'asar na isa kasuwa, rabin tumatirin ya riga ya zama miya, gishiri kawai ya rage.

Washegari da sassafe na dira a gareji ina huci. Oga bai tanka ba. Ya ja hambirki, ya sa giya huɗu, ya saki kuloci a hankali, inji ya mutu nan take.

"Ka gani, Alhaji? Da tana zamewa, da injin bai mutu ba. Lafiyarta ƙalau."

Motar nan ta zama yaron da zazzaɓinsa ke sauka a ƙofar asibiti. Da safe garau, da rana ta gasa ta sai ciwo ya tashi. Oga ya zargi sil ɗin bayan inji, ya ce wataƙila baƙin mai ke ɗiga a kan faifai. Aka sauke giyabos. Ba ɗigon mai ko ɗaya, amma faifan ya yi sulɓi kamar madubi, fulawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi don zafi. Na sake biyan kuɗin faifai. Kwana biyu ciwo ya dawo.

A gida uwargida ta ce bakin mutane ne, ta turare motar. Surukina ya ce tun da aka bar Fijo 404 ba a sake yin mota ba. Ni kuma na zagi mai sayar da kaya, na zagi Beljiyam da duk wanda ke cikinta. Laifi tudu ne.

A gareji akwai yaron da aikinsa wankin noti a fetur da sayo ruwan leda. Ran nan Oga ya sa shi a mota muka zaga da tsakar rana har ta fara halinta. Muna tsayawa yaron ya durƙusa ya danna feda da yatsa biyu.

"Oga, ai fedar nan ba ta da wasa."

Oga ya leƙa, ya yi salati. Ya ce wannan ɗan lilon, wajen santimita ɗaya, da gangan ake barin sa. In babu shi, fistin ɗin masta ba ya komawa mazauninsa, sai ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi ya koma kofinsa. Man ya yi zafi ya kumbura, ya rasa hanya, sai ya riƙa danna kuloci da kansa, kamar an ɗora masa ƙafa tun daga Kura har Kano.

Minti biyar ya gyara. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Ni dai na bar wasan nan da hannuna. Wane jakin ne ya taɓa notin nan?"

Na dubi sama, na ce, "Mutanen yanzu sai addu'a, Oga. Allah ya shirye shi."

Sai ga yaron ya zaro wani abu daga ƙarƙashin kujera. Sifana ce, da jan fentin da nake shafa wa kayana don kada su ɓata.

"Baba, wannan taka ce?"

Na ce, "Ta jakin ce. Riƙe, ya bar maka."