Takarda Zuwa ga Hajiya Kaka a Kan Hawan Dutsen da Babu Komai a Kansa

Zuwa ga uwargida Hajiya Kaka a Zariya, daga jikanta kuma angonta mazaunin arewacin Ingila.

Manufar wannan takarda ita ce bayani a kan wata sana'a da mai takardar ya shiga, wadda ba ta kawo ko sisin kwabo, ba ta da riba sai ciwon gaɓoɓi, amma mutanen ƙasar nan suke girmama ta kamar gadon kakanni.

Wurin da ake magana a kansa yana cikin Gundumar Tafkuna, a jikin wani tsauni mai suna Great Gable, wanda tsayinsa ya kai mita 899. A gefensa na kudu akwai wani tsinin dutse da ya ware daga uwar tsaunin ya tsaya shi kaɗai, ana kiransa Napes Needle, kuma tsawonsa bai wuce kimanin mita 20 ba, ko da yake kafin mutum ya isa gindinsa sai ya taso daga ƙauyen Wasdale Head ya yi doguwar tafiya a kan tsakuwa mai zamewa, sau da yawa cikin yayyafi. A shekarar 1886 wani lauya, Walter Parry Haskett Smith, ya hau shi shi kaɗai ba tare da igiya ba, ya maƙale hankicinsa a ƙololuwa don shaida, kuma daga wannan rana masana suke ƙirga farkon hawan dutse a matsayin wasa a Birtaniya. A 1936, yana tsoho da ya haura shekara 70, ya sake hawa gaban taron jama'a, abin da ke nuna cewa cutar ba ta jin maganin tsufa.

Ana kiran irin wannan hawa mai zango ɗaya, ma'ana mutum ya tashi daga ƙasa ya kai sama a tsawon igiya guda, ko da yake wasu sukan yada zango a kafaɗar dutsen. Ana kuma kiransa na gargajiya, saboda ba a yarda a huda dutse a kafa ƙusa ba. Mutum biyu suke yin aikin, kowanne da ɗamara da hular kwano: jagora yana gaba, yana cusa ƙananan ƙarafa a cikin tsagar dutse yana rataya igiyarsa a jikinsu don su tare shi idan ya suɓuce, na biyu kuwa yana ƙasa riƙe da igiyar, sa'an nan ya biyo baya yana zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, har a bar dutsen kamar ba a taɓa shi ba. Asalin waɗannan ƙarafa abin dariya ne, domin magabata tsakuwa suke cusawa, daga baya suka koma tsintar notin injina suna zura musu igiya, kafin a 1978 a fara sayar da wata na'ura mai buɗewa a cikin tsaga, wadda Ba'amurke Ray Jardine ya ƙirƙiro, aka sa mata suna Friend. Kuɗin ɗaya daga cikinsu ba zai shiga wannan takarda ba, don kada Hajiya ta lissafa shi da buhun masara ta nemi saki.

Hanyoyin hawa suna da darajoji kamar na sarauta, daga Matsakaici zuwa Mai Wuya, Mai Wuya Ƙwarai, Mai Tsanani, har zuwa na waɗanda suka sallama wa duniya. Wannan tsini yana rukunin masu tsanani, amma gwanaye suna ɗaukarsa abin motsa jini kafin karin kumallo, ra'ayin da gwiwoyin mai takardar ba su amince da shi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne dutsen ƙarshe da ke zaune a saman tsinin, domin dole mutum ya dafa wata 'yar baranda da tafin hannu, ya cicciɓa jikinsa har ƙafa ta zo inda hannu yake, ya miƙe tsaye babu abin kamawa na kirki, alhali takalman mahaya na fiye da shekara 130 sun goge wurin har yana sheƙi. A nan ne abokin hawan mai takardar, wani dattijo ɗan ƙasa, ya ji addu'o'in da bai taɓa ji ba, ya kuma tambaya cikin ladabi ko waƙa ce.

Hajiya za ta tambayi abin da ake samu a sama, tun da a gida ba a hawa rimi ko giginya sai da dalili, ko zuma ko 'ya'ya. Amsar ita ce babu komai, sai iska, da fili wanda da ƙyar zai ɗauki mutum biyu a zaune, da hangen Wast Water, tafkin da ya fi kowanne zurfi a Ingila. Saukowa ma ta fi hawa tashin hankali, domin babu zoben ƙarfe da za a rataya igiya a zamo, saboda haka wanda ya rage a ƙarshe sai ya sauko da baya ta wannan baranda mai santsi, yana laluben wurin sa ƙafa da ba ya gani. An ɗora wa dattijon wannan aiki bisa hujjar girmama na gaba.

Ana roƙon Hajiya kada labarin ya kai kunnen Inna, wadda har yanzu take zaton ɗanta ɗakin karatu yake wuni ranar Asabar. Ladan rufin asiri turmin atamfa ne, zai iso kafin Babbar Salla, in Allah ya yarda. A gaida Kawu da yara.